Martani: Dajin Birnin Gwari Bai Zama Abin Dariya Ba Tukuna

A 'yan kwanakin nan wani malami daga cikin marubutanmu, wanda aka san shi da yawan karatu da kaifin alƙalami, ya fitar da wata doguwar maƙala a kan wasannin barkwanci na talabijin ɗin Ingila, musamman irin masu ɗacin nan da ake ginawa a kan mutuwa da masifa da munanan halayen ɗan Adam, waɗanda mai kallo kan yi musu dariya alhali gabansa na faɗuwa. Bayan ya yabe su yabo mai yawa, sai ya juyo kan 'yan wasanmu na Hausa, ya ce barkwancinsu na yara ne, bai wuce tuntuɓe da guje-guje da yamutsa fuska ba. Sa'an nan ya rufe da shawarar cewa in suna so su balaga a sana'arsu, to, su ɗauki al'amarin dajin Birnin Gwari, da satar mutane, da cinikin kuɗin fansa, su mai da shi wasan dariya kamar yadda Turawa suka yi da yaƙe-yaƙensu, domin a ganinsa al'ummar da ta iya yi wa abin tsoronta dariya ta kama hanyar warkewa. Da yake ni ɗan ƙasar Birnin Gwari ne, kuma maganar ta taɓa mutanen da na sani ido da ido, na ga wajibi ne in mayar masa da jawabi, cikin ladabi da girmamawa, amma ba tare da ɓoye abin da na haƙiƙance ba.

Adalci ya sa in fara da inda Malam ya yi gaskiya, domin wanda ya musanta gwanintar Turawan Ingila a wannan fanni bai kalli aikinsu da idon basira ba. Mu ɗauki wasan nan Blackadder Goes Forth, wanda BBC ta nuna a 1989, kashi shida kacal, wanda babban ɗan wasansa shi ne Rowan Atkinson, wato wanda yaranmu suka fi sani da Mista Bin. An kafa labarin a ramukan yaƙi na 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, inda wani kyaftin mai wayo ba ya da wani buri sai ya tsira da ransa daga umarnin wani janar mai suna Melchett, wanda ke zaune a wani katafaren gida can nesa da fagen fama, yana cin mai kyau yana shan mai sanyi, yana tura samari ga mutuwa kamar ba 'ya'yan mutane ba ne. A kashi na ƙarshe kyaftin ɗin ya kifa ɗan kamfai a kansa, ya cusa fensir biyu a hanci, wai don a ce ya haukace a mai da shi gida, dabarar ba ta ci ba. Aka busa usur, shi da mutanensa suka haura daga rami suka nufi bakin bindiga, aka rage saurin hoto, hayaƙi ya rufe su, filin yaƙin ya rikiɗe ya zama fili mai jajayen furanni, babu dariya. Mutanen da suka yi mako biyar suna ƙyalƙyata dariya, a daren nan da yawansu hawaye suka yi. Wannan aiki ne na masu hikima, kuma da a ce iyakar maganar Malam ke nan, da ban ɗauki alƙalami ba.

Inda muka rabu shi ne wajen ƙiyasi, domin malamanmu na usulu sun karantar da mu cewa ba a ƙiyasta abu da wani abu sai illarsu ta zama ɗaya, in kuwa akwai bambanci mai tasiri a tsakani, to, ƙiyasin ya ɓaci ko da kamannin sun yi yawa. Yaƙin da aka yi wa wancan wasa ya ƙare a 1918, aka nuna wasan bayan shekara 71, sa'ad da zawarawan yaƙin suka kusa ƙarewa, marayunsa suka tsufa, aka gina wa mamatansa hasumiyoyin tunawa gari-gari, aka rubuta sunayensu a jikin dutse. Haka wasan Dad's Army, wanda ke ba'a da tsofaffin da suka yi aikin sa-kai na tsaron gida a Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1968 aka fara shi, shekara 23 bayan an ajiye makamai, lokacin da babu sauran Baturen da ke kwana da fargabar jirgin Jamus. Kai, ko da wannan nisa duka, a 2014 wani ministan ilmi na Birtaniya, Michael Gove, ya fito ya soki Blackadder da cewa ya karkatar da tarihin yaƙin, aka yi ta jayayya a jaridunsu. To, in al'ummar da ta binne mamatanta, ta ƙidaya su, ta biya iyalansu haƙƙi, har yanzu tana taƙaddama a kan dacewar wannan dariya, ina ga al'ummar da ba ta ko gama sanin adadin waɗanda ta rasa ba?

Bari in tuna wa Malam abin da ake nufi in an ce Birnin Gwari, domin daga nesa suna ne kawai a kanun labarai. A watan Oktoba na 2012 aka far wa Dogon Dawa da asuba, aka kashe kimanin mutum 20, har da waɗanda suka fito daga masallaci. A watan Maris na 2018 aka kashe soja 11 a Kamfanin Doka, kuma ba a yi wata biyu ba, ran 5 ga Mayu, aka shiga Gwaska da rana tsaka aka kashe fiye da mutum 40. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, wadda ba ta fi kilomita 120 da 'yan kai ba, wadda dā ake bi a je a dawo yini guda, ta zama ba a shigarta sai da rakiyar jami'an tsaro, mutane kan yafi juna kafin mota ta wuce Buruku. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma aka ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa a 1999 saboda namun dawansa, ya koma maɓoyar 'yan bindiga, ya haɗe da Kuyambana ta wajen Zamfara, har 'yan Ansaru suka sami wurin zama a gabashin masarautar, wajen Damari da kewayenta. A ƙarshen 2021 aka yanke layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana hawa babur, talaka ya shiga tsakanin wutar daji da ƙuncin doka. Ran 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, kan wannan hanya tamu, sai bayan fiye da mako biyu aka sako 137. Sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta, wanda ya sa aka buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamba na 2024 bayan ta yi shekaru a rufe, ni'ima ce da muke gode wa Allah a kanta, amma jaririya ce, ba ta yi ƙwari ba.

Kuma abin da Malam ya kira cinikin fansa, wanda ya ce akwai abin dariya a cikinsa saboda yadda ake taya ɗan Adam ana ragi kamar a kara, ga yadda yake a cikin gida. Ana ajiye waya guda a hannun wani ƙane ko ɗan'uwan uba wanda aka ga ya fi sanyin baki, kullum tana cike da caji, ba mai kira da ita, ba mai taɓa ta, in ta yi ƙara sai gidan duka ya yi tsit har da yara. Daga can a faɗi miliyoyin da gidan bai taɓa gani ba, a sa wanda ke hannu ya yi magana don a ji yana da rai, wani lokaci a buge shi don a ji kukansa. Daga nan sai a fasa rumbu a sayar da masarar da aka tanada don damina, a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, a bi masallatai da takardar neman taimako, matan gida su fitar da 'yan kunnensu da kwanukan jerensu. In an haɗa an kai, sai a ce saura babur sabo da katin waya da buhun shinkafa. Wanda aka zaɓa ya kai kuɗin yakan yi alwala ya bar wasiyya, don an sha riƙe mai kai fansa. Wani gidan a sako musu mutum ya dawo ba ya iya barci, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Wani gidan kuwa a karɓi kuɗin sa'an nan a gaya musu inda za su ɗauki gawa, wani ma ko gawar ba a samu. Waɗannan mutane suna da waya a hannu, suna kallon abin da kowa ke kallo, kuma duk wasan da aka saki a Kano ko Kaduna da safe, kafin la'asar ya iso Randagi da Kakangi da Kuyello. Ina so Malam ya sawwara matar da mijinta ke daji yau, ɗanta ya miƙo mata waya, ta ga ana kwaikwayon kukan wanda aka ɗaure, jama'a na tuntsira dariya.

Malam ya kafa hujja da wasan The League of Gentlemen, wanda BBC ta nuna daga 1999 zuwa 2002, labarin wani ƙauye na ƙage mai suna Royston Vasey, inda masu kanti ke halaka baƙon da ya shigo musu, kuma wani mai wasan yawo ke sace matan mutane ya tafi da su. Haƙiƙa Turawa sun yi dariya, amma dalilin dariyarsu shi ne sun tabbata ba a yin haka a ƙauyukansu. Bature na zaune a falonsa, ƙofarsa a kulle, 'yan sanda na amsa kira, ya ɗanɗani tsoro na rabin sa'a don nishaɗi, ya kashe akwati ya kwanta. Daɗin wannan irin barkwanci yana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da ake nunawa da rayuwar mai kallo, in tazarar ta gushe, abin da ya rage shi ne tsoron tsagwaronsa. Abin da yake ƙage mai ban mamaki a wancan ƙauye, a wurinmu labarin maƙwabci ne na makon jiya. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Sai dai kada a fahimce ni da cewa mutanen Birnin Gwari ba sa dariya, ko kuwa ba sa raha da masifarsu, domin wanda ya zauna a tasha ana jiran rakiya, ko a majalisar masu shayi, ya san suna yi, har irin wadda baƙo zai ji ya riƙe baki. Za ka ji ana zolayar wani da cewa in an ɗauke shi su ɓarayin ne za su biya a karɓe shi saboda cinsa, shi kuwa ya rama, a yi dariya, mota ta tashi kowa na salati. Amma a duba wa ke yin wannan raha: wanda zai shiga motar ne, wanda in abin ya faru da shi zai faru. Wannan ita ce mas'alar da maƙalar Malam ta tsallake, wato wane ne ke da haƙƙin dariyar. A tarihin Turawan ma haka abin yake. A 1916 wasu sojojin Birtaniya suka tsinci injin ɗab'i a kufan garin Ypres na Beljiyam, suka riƙa buga wata 'yar jarida mai suna The Wipers Times, suna ba'a da laka da harsashi da manyansu, alhali a shekarar nan ce, ran 1 ga Yuli, aka kashe musu fiye da mutum 19,000 a yini ɗaya a bakin kogin Somme. Ba wanda ya zarge su, don da jininsu suka sayi wannan dariya. Jimmy Perry, ɗaya daga marubutan Dad's Army, shi kansa ya yi aikin sa-kan da yake wasa da shi tun yana saurayi. A nan gida kuma, marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya yi shekaru yana ba mu dariya da rayuwar bariki a wasan Samanja Mazan Fama a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna, tsohon soja ne, ya sa kaki kafin ya yi wasa da kaki, shi ya sa sojoji suka fi kowa son wasansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rahar da mai ciwo ya yi da ciwonsa haƙuri ce da jarunta; in mai lafiya ya ɗauke ta ya kai kasuwa don a kalla a biya shi, ta zama cin amana.

Bayan wannan akwai maganar inda aka nufa da kibiya. Wasannin Ingila da suka daɗe ana girmama su, in aka lura, ba mamaci suke yi wa dariya ba, wanda ya jawo mutuwar suke tozartawa: janar mai gashin baki da ba ya jin ƙarar harsashi, da ma'aikacin ofis da ke lissafin rayuka a takarda. Fim ɗin Four Lions na Chris Morris, wanda ya fito a 2010, ya yi ba'a ne da wautar masu shirin ƙunar baƙin wake da kuma ruɗewar jami'an tsaro, bai taɓa waɗanda aka kashe ba, kuma mai shi ya yi shekaru yana bincike kafin ya ɗora kyamara; duk da haka wasu daga iyalan mutum 52 da aka kashe a harin Landan na 7 ga Yuli 2005 sun roƙi gidajen sinima kada su nuna shi. Inda kuwa Turawan suka juya kibiyar ƙasa, kan baƙo da mai rauni, su da kansu suka dawo suka ji kunya. Wasan Mind Your Language, wanda aka daɗe ana nuna mana a talabijin ɗin ƙasar nan muna dariya, a 1979 gidan da ke yin sa ya dakatar da shi saboda yadda yake mai da kowace ƙabila abin ba'a. A watan Yuni na 2020 kuma Netflix ta cire The League of Gentlemen ɗin nan da Malam ke yabo, saboda mai satar matan Bature ne da ya shafe fuskarsa da baƙi. Har ila yau suna da ƙa'idar cewa abin da bai dace da yara ba ba a nuna shi kafin ƙarfe tara na dare, suna da hukumar Ofcom mai karɓar koke. Ashe ko a can abin yana da shinge, Malam kuwa ya kwaso mana wasan ya bar shingen a baya, ya kawo shi ƙasar da waya ɗaya ke zagaya hannun uba da uwa da ɗan shekara bakwai.

Akwai wata mafsada kuma da ta fi waɗannan kusa, wadda duk mai zaune a yankinmu zai gane ta nan take. In aka ce a yi wasan ɓarayin daji, ɗan wasa zai nemi hanya mafi sauƙi ta nuna ɓarawo, hanyar kuwa sananniya ce: a sa masa malafa da sanda, a karya masa harshe irin na Fulani, kamar yadda aka saba karya harshen Bagwari da Bayarabe da Inyamuri a finafinanmu. Dā can wasan da ke tsakanin ƙabilu, irin na Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Gobirawa, ko Kanawa da Zage-zagi, igiyar zumunci ce, don ɓangarorin biyu na tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa na ramawa. Yau kuwa, bayan jinin da ya zuba, bayan rugagen da aka ƙona da makiyayan da aka kashe a kasuwanni ba da laifinsu ba, da shanun da aka kore wa Fulanin da su ma wannan bala'i ya cinye, wasan da zai koya wa yaro cewa ɓarawo da Bafulatani abu ɗaya ne zai rushe abin da sarakuna da malamai da ardo-ardo suka sha wahalar ƙullawa. In kuma aka kauce wa wannan aka nuna ɗan bindiga a matsayin gwani mai ban dariya, mai kuɗi da babura, wanda hukuma ke lallashi, to, an yi masa talla a gaban samarin da ba su da aikin yi. Ƙa'idar malamai ce cewa tunkuɗe ɓarna ake gabatarwa a kan jawo amfani.

Amma maganar da ta fi yi mini ciwo a maƙalar ita ce cewa barkwancin Hausa na yara ne, sai mun je Ingila mun koyo ɗaci. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka buga tun 1934, ya ga yadda Alhaji da Malam Zurƙe ke jefa juna cikin duka da ɗauri da kunyata gari bayan gari, ya san ba mu jahilci dariya mai cizo ba. Tatsuniyoyin Gizo cike suke da yunwa da yaudara da halakar Kura saboda kwaɗayinta, kuma a gaban yara ake yin su da dare. 'Yan kama sukan zauna kamar malamai su yi wa tuwo da nama wa'azi, malaman na ji suna murmushi, don sun san kwaɗayin wasunsu ake yi wa hannunka mai sanda. A tashe, cikin watan azumi, yara kan kwaikwayi mai rowa da malalaci da azzalumin miji a ƙofar gidan mai halin, ba wanda ya isa ya kore su. Malam Aminu Kano tun yana matashi ya ɗauki wasan kwaikwayo ya yi makami da shi a kan zaluncin masu mulki da 'yan korensu. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma, wanda ake ganin wasansa na guje-guje ne, sau nawa ya sa rigar ɗan sanda ko ta mai gari ya nuna wa talaka yadda ake cinsa? Muna da habaici, muna da zambo, muna da shaguɓe da gugar zana, kuma dukansu an san wa ake yi wa su, an san lokacinsu. Abin da al'adarmu ta hana shi ne a yi wasa a gidan makoki kafin a share zaman makoki, wannan kuwa cikar hankali ce, ba ƙuruciya ba.

Shari'a ma ba ta bar mu cikin duhu a wannan babi ba. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha da sahabbansa, ya zolayi tsohuwa a kan shiga Aljanna sa'an nan ya faranta mata da bayani, ya zolayi mai neman abin hawa da maganar ɗan taguwa, amma ba ya faɗin sai gaskiya, kuma ba wanda ya tashi daga rahar tasa da rauni a zuci. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa da wasa, ya farka a firgice, sai Annabi ya hana a tsorata Musulmi ko da da wasa ne. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Imamu Gazali a cikin Ihya'u, inda ya lissafa aibobin harshe, ya ware babi ga raha ya ware wani ga izgili, ya halatta kaɗan na farko da sharaɗin gaskiya da rashin cutarwa, ya haramta na biyu matuƙar yana ɓata wa wanda aka yi wa rai. To, in ɗauke igiyar mai barci ya kai a yi hani, yaya hukuncin tayar wa dubban mutane da firgicin da suke fama su manta?

Na san Malam zai ce, ashe ke nan sai a yi shiru, a bar masu laifi su sha iska? Sam, ban ce haka ba, kuma a nan ne nake ganin za mu iya haɗuwa. In 'yan wasanmu na da ƙarfin hali, ga fagen nan a buɗe: infoma da ke sallah a sahun gaba da rana ya kuma buga waya daji da dare, ɗan kasuwar da ya yi gidan bene da sayar wa daji mai da burodi da ƙwaya, mai shiga tsakani da ke yankar rabonsa daga kuɗin fansar marayu, ɗan siyasar da ba a ganinsa sai ranar jaje, ya zo da jerin motoci da masu ɗaukar hoto, ya yi alkawari ya koma kafin la'asar don shi ma yana tsoron hanyar, mai haƙar zinariya da rikicin ya zame masa rufin asiri. Waɗannan su ne Janar Melchett ɗinmu, kuma duk wanda ya tozarta su da hikima, mutanen Birnin Gwari za su fi kowa yi masa tafi. Sharaɗin kawai shi ne marubucin ya zo ya zauna da mutanen, ya ji daga bakinsu, ya bar wanda aka sace da matarsa da uwarsa cikin mutuncinsu, kada ya laƙa laifi a goshin wata ƙabila. Wannan ya fi kwaikwayon kukan ɗaurarre wuya nesa ba kusa ba, don yana bukatar bincike, yana kuma iya jawo fushin masu iko, shi ya sa ake gudunsa a koma kan talaka wanda ba ya da bakin ramawa.

La'alla wata rana, in Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, aka koma gonakin da aka bari, aka san sunayen waɗanda suka tafi, wani yaro daga Gwaska ko Dogon Dawa, wanda ya girma cikin wannan wuta, zai tashi ya rubuta wasan da zai sa mu yi dariya mu yi kuka a zama ɗaya, kuma ba wanda zai ce masa don me, domin labarinsa ne. Kafin wannan rana, ina roƙon Malam, da masu shirya finafinai na Kano da Kaduna, da samarin da ke ɗora gajerun wasanni a TikTok da Facebook, su ji tsoron Allah game da mutanen da har yau wasunsu ba su gama biyan bashin fansa ba. Ku nufi azzalumi da mai cin amana da barkwancinku, ku ƙyale wanda aka zalunta ya warke. Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya dawwamar mana da zaman lafiya, amin.